Layin Yaya Iro a Saudiyya

Duk wanda ya zauna da Yaya Iro direba a Mararaba ya san yadda yake da data. Ya kunna, ya tura saƙo, ya kashe da sauri kamar mai rufe famfo. In kana so ya ga saƙonka, sai ka fara kiransa ka ce ya kunna. Shi kuma ya tambaye ka abin da ka rubuta, in ka faɗa ya ce to ai ya ji, ba sai ya kunna ba.

Ni ƙaninsa ne na gari ɗaya, kuma ni nake shan wahalarsa. Da ogansa na ma'aikata zai yi ritaya, ya biya masa Umra. Kowa na murna, Yaya Iro na tunanin Inna, mahaifiyarsa da ke zaune a Karshi. Tsohuwar ba ta sa abinci a baki da yamma sai ta ji muryarsa, ga ta da ciwon suga. Kuma tun da 'yan damfara suka taɓa kiranta, ba ta ɗaukar baƙuwar lamba.

Na raka shi rumfar wani mai sayar da waya. Mutumin ya ce hanya uku ce. Ko ya sayi layin can in ya sauka, Yaya Iro ya ce Inna ba za ta ɗauka ba. Ko a sa masa sabon layin nan da ba shi da kati, a cikin waya kawai yake. Yaya Iro ya miƙa hannu ya ce a ba shi ya gani. Aka ce ba a ganinsa.

"Abin da ba zan sa a aljihu ba? Oga, sai ka sayar wa aljanu."

Saura ta uku, ya tafi da layinsa ya yi aiki a can, amma da tsada. Da ya ji kuɗin, na zaci ya fasa tafiyar. Can ya ce a sa. Wallahi ban taɓa ganin ya biya abu bai yi ciniki ba sai ranar. Mai rumfar ya ja masa kunne cewa in ya sauka ya kunna wayar ya bar ta ta kama sabis.

Ya bi maganar, har da ƙari. Yana sauka Jidda ya kunna waya, ya kunna data, ya jefa aljihu. To mutumin da bai taɓa barin data ta yi minti biyu a buɗe ba, bidiyon da suka taru masa na watanni a guruf ɗin direbobi da na 'yan garinmu duk suka samu ƙofa. Wa'azi, biki, wani akuya da ke tunkuyar ɗan acaɓa. Kafin jakarsa ta fito data ta ƙare, wayar ta koma ta cinye katin kira.

Washegari sai ga saƙon murya, ya samu intanet ɗin otal na kyauta a gindin matakala. Bai ko gaishe ni ba.

"Sabo, an cinye ni. Wayar Inna ba ta karɓar irin wannan saƙon. Ɗauki taka ka kai mata Karshi."

Haka na zama datar Yaya Iro. Kullum in na tashi daga kasuwa na hau mota, kun dai san hanyar Karshi. Ranar farko na tarar da tuwo a rufe, ba ta taɓa ba. Na kunna mata. Yana cewa "Inna ina wuni," ta amsa, ta shiga tambayarsa ko ya ci abinci, shi kuwa yana ta zuba labarin sanyin masallaci. Ta dube ni ta ce Iro ya je Makka ya koyo rashin kunya, ana magana yana magana. Na yi bayani har na gaji. Ta dai jawo kwanon.

Da na gaya masa, sai ya canja salo. Ya gaishe ta, ya yi shiru ya bar mata wurin amsawa, ya ce "To madalla," ya sake yin shiru. Wani lokacin ta ce ƙafa ta hana ta barci, shi kuma ya ce madalla. Ta ce Allah ya shirye shi.

Da ya dawo, tsarabata dabino da hula. Na ce kuɗin motar fa? Ya ce ladan ya fi.

Bara hawan jini ya kwantar da shi, bai yi sati ba ya rasu. Inna na nan da ranta. Wayata ta tsage, 'ya'yana na ta cewa in canja, na ƙi, don saƙonnin suna ciki. Ranar Juma'a nakan je Karshi in kunna mata ɗaya. Ta san ya rasu, ita ta yi masa addu'a a kan makara. Amma in ya yi shirun nan, har yanzu tana amsawa.

Allah ya jiƙan Yaya Iro, ya sa Umrar nan ta tsaya masa. Allah ya ba Inna haƙuri, ni kuma ya bar min wayar nan da rai.