Mai Kwalba Ba Zai Tashi Ba

Kullum da sassafe tsohon bakanike Mai Kwalba zai share gindin bishiyarsa, ya shimfiɗa kwali, ya jera sifanu, sannan ya goge kwalaben da ke kan katanga. Shekara talatin ke nan. Mota ta zo tana tari tana fizga, ba ya gaggawar kwance inji. Sai ya shige ƙarƙashinta, ya tsiyayo mai a farar kwalba, ya ce, "A ba shi minti biyar." Fetur ya taso sama, ruwa ya kwanta ƙasa, kowa ya gani da idonsa.

Ni ban yi boko ba, maƙwabciyata ke rubuta mini, kuma na ce kada ta tausasa ko kalma ɗaya.

Bara maigidan ɗana ya ƙwace makullin bas, wai ɗana na sayar da mai yana cika tanki da ruwa. Mai 'ya'ya huɗu, aka kira shi ɓarawo a tsakiyar tasha! Mai Kwalba ya sauke tankin, ya wanke, ya canza filta. Sannan ya ce, "Alhaji, taho mu tsallaka titi." A gabansa ya sa aka zuba mai daga famfon gidan man da bas ɗin ke shan mai cikin kwalba. Minti biyar, sai ga ruwa kwance, har da laka. Alhaji ya miƙa makulli yana ta sosa ƙeya.

Mai Kwalba, kai ne ka wanke mini ɗa, bawan Allah. Da na zo godiya cewa ka yi, "Inna, matsa, kin taka mini tiyo."

To yanzu mai gidan man ya kai ƙara ƙungiyar gareji, wai kwalabe na kore masa ciniki. Maimakon ya gyara rijiyar mansa da ruwan sama ke shiga! Su kuma sun ba tsoho zuwa ƙarshen wata ya kwashe kayansa. Haba! Direbobin da ya fitar kunya duk sun yi tsit kamar an ɗinke musu baki.

Na gode, Mai Kwalba, Allah ya ƙara wa gwiwoyinka lafiya. Ku kanikawan zamani, ku koyi jiran minti biyar kafin ku ɗora wa mutum laifi.

Ku kuma shugabannin ƙungiya, ranar zamanku ina tafe. Kwalabe goma sha bakwai na kwaso daga katangarsa, kowace da ruwa kwance ƙasan mai, suna ƙarƙashin gadona. A share mini tebur.