Ƙwaro Mai Shan Kananzir

Tursunoy mai burodi tana hararar baƙon da ke zagaya matacciyar bishiyar gujum ta ƙofar masallacinsu a Khiva. Ga tumbi, ga haƙorin zinariya, yana shafa kututturen kamar mahauci a kasuwar raguna. Wannan, in ji zuciyarta, ƙofofin da zai sassaƙa ya sayar kawai yake hangowa a jikin bishiyar.

Sai ya tsuguna ya tone gindin bishiyar, ga ramuka a jere suna warin kananzir.

"Ƙwaro ne, Inna. A sare ta kawai."

"Ƙwaro mai shan kananzir?" in ji Tursunoy. "Mu da muka tsufa a inuwarta ba mu san da ramukan nan ba. Kai da ka zo yau, wa ya nuna maka wurin tonawa?"