Kaka Mai Fito da Yadda Yake Ɗaukar Matuƙi

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Yau da safe labarin ya same ni. Ina gugar kayan makaranta wayar Umma ta yi ƙara, ta ɗauka, sai na ga ta zauna a ƙasa. Mahaifinta ne, kakana, wanda kowa a ƙauyenmu na wajen Auyo yake kira Kaka Mai Fito. Allah Ya karɓi ransa bayan sallar asuba.

Waɗanda suka san ni sun san ba na rubutu a shafin nan. Ko a aji sai malama ta matsa nake buɗe baki. Amma yau na kasa yin shiru.

Shi ne ya raɗa mini suna Malama Shiru. In mun je hutu daga Haɗeja, sauran jikoki su cika tsakar gida da hayaniya, ni kuwa in lallaɓa zaure in zauna a gefen tabarmarsa. Bai taɓa tambayata me ya hana ni wasa ba. Sai dai ya ɗaga faifai ya ciro gasasshen kifin da ya ɓoye, ya ce, "Ungo, amarya, ci da sauri kafin mayunwatan can su ji ƙamshi."

Wata rana wata gwaggonmu ta ce yarinyar nan kamar kurma take. Ya ce, "Ku bar mini matata. Ku da kuke ta magana tun safe, me kuka faɗa?"

A zauren nan na ji labarin zamanin Turawa. Yana saurayi a lokacin, wani kamfanin sayen gyaɗa ya naɗa shi heluma, wato shugaban matuƙan jiragen ruwan da ke tsallakar da buhuna in ruwa ya cika fadama bai ja ba. In yana ba da labarin sai ya lumshe ido. Ya kwatanta mini jirage a jere da hantsi, matuƙa suna waƙa suna amsa wa juna, tsuntsaye suna tashi daga cikin ciyawa, Baturen kamfani yana ƙarƙashin tsamiya da faffaɗar hularsa, tafinta a tsaye kusa da shi. Turancin da Kaka ya tsira da shi daga wannan zamani kalma ɗaya ce, "olrait", kuma har ya bar duniya da ita yake rufe magana.

Aikinsa mafi nauyi, in ji shi, ba tuƙi ba ne. Zaɓen wanda za a ɗauka ne.

Ya ce kowane mai neman aiki da mai kawo shi yake zuwa. Wannan ɗan wane ne, wancan ƙanen matar wane ne. Sai ya gaisa da masu rakiya da kyau, ya roƙe su su jira a waje. Ya ba mutum ruwa ya sha, ya bari numfashinsa ya dawo. Tambayoyin da ya yi wa na farko su zai yi wa na ƙarshe, don kada son rai ya shiga. A ina ka koyi tuƙi? Wa ya koya maka? Ba ni labarin ranar da ruwa ya ba ka tsoro.

In ya yi tambaya sai ya yi shiru, ya daɗe. "Amsar farko ta ado ce," in ji shi. "Ki jira. Ta gaskiyar tana bayanta."

Daga nan sai bakin gaɓa. Ya sa mutum ya loda wa jirgi kaya da hannunsa har ya ce ya isa. Sannan Kaka ya haɗe rai kamar mai sauri, ya nuna wani buhu ya ce, "Ƙara wancan." Wanda ya ce to ya ƙara, sai a gode masa a sallame shi. Wanda ya sunkuyar da kai ya ce, "Ranka ya daɗe, jirgin ba zai ɗauka ba," shi ne ya samu aiki.

Na ce, "Kaka, ai na farkon biyayya ya yi."

Ya ce, "Biyayya ya yi mini, ni da nake tsaye a kan tudu. Su wa za su shiga ruwan?"

Haɗuwarmu ta ƙarshe a hutun da ya wuce ne. Kaka yana da jirgi guda da ya rage masa, shi ke tsallakar da yaran unguwa zuwa firamare a damina, har da 'ya'yan Kawu Sani, ƙanen Umma. Matuƙin ya tsufa ya ajiye aiki. Mutum biyu suka zo nema. Akwai Ɗanladi, ɗan aminin Kawu Sani, ƙaƙƙarfa mai ladabi, Kawu ne ma ya kawo shi. Akwai Isiyaku, wani siririn mutum daga wajen Kirikasamma, shi kaɗai ya zo, ba wanda ya san shi.

Idon Kaka ya riga ya yi rauni. Ya ce, "Malama Shiru, yau ke za ki yi intabiyun. Ni kunne kawai zan ba ki aro."

Na ce ba zan iya ba. Ya ce, "Shirun da ni na sha wahala kafin na koya, ke da shi aka haife ki. Zauna."

Na zauna, na ja hijabina, na yi tambayoyin. Ɗanladi ya ce shi ruwa bai taɓa ba shi tsoro ba. Na yi shiru, shi ma ya yi, bai ƙara komai ba. Isiyaku ya fara da cewa tsoro sai na Allah. Na jira. Can sai ya ba da labarin ranar da iska ta juya masa jirgi yana ɗauke da mata masu zuwa kasuwa, da yadda ya koma gaɓa suna ta yi masa faɗa.

Aka ɗora Kaka a babur zuwa bakin ruwa. Kawu ya san dabarar buhun, amma ya yi wa mahaifinsa alkawarin ba zai faɗa wa kowa ba, kuma ya cika. Ɗanladi ya loda shinkafa, Kaka ya ce ƙara, ya ƙara ba musu. Da aka zo kan Isiyaku, sai ya durƙusa ya ce, "Baba, a yi haƙuri. In dai ni zan tuƙa, sai dai in yi sawu biyu."

Kaka ya juyo inda nake. "To, wa kika ɗauka?"

Kawu yana tsaye yana kallona. Shi yake kai ni makaranta in hutu ya ƙare, ban taɓa musa masa ba ko da wasa. Ya ce, "Baba, yaron nan girmanka ya gani shi ya sa ya ƙara. Kuma ka san tsakanina da ubansa."

Na kalli ƙannena, 'ya'yan Kawu, suna wasa da laka a gefe. Na faɗi sunan a hankali.

Kaka ya ce, "Amarya, kunnen ma ya tsufa."

Na ɗaga murya na ce, "Kawu, ka yi haƙuri. Isiyaku ne."

Kawu ya matso ya shafa kaina, sannan ya je ya ba Ɗanladi haƙuri da kansa. Kaka ya yi dariya har da tari, ya ce, "Olrait."

Washegari muka koma Haɗeja. Ban san sallamar ke nan ba.

Yanzu haka a bakin gaɓar nake rubuta wannan. Mutane sun taru ana ta tsallakawa zuwa gidan rasuwa. Umma ta shiga, na sa ƙafa zan bi ta, sai Isiyaku ya tare da hannu, idonsa jawur. Ya ce, "Malama, ki yi haƙuri, jirgi ya cika. Zan dawo in ɗauke ki."

Wani ya ce ai jikar Kaka ce, a matsa mata mana. Isiyaku ya ce ya sani, ya tura jirginsa.

Ga ni zaune ina jira, ina kallon su har sun kusa kaiwa.

Ya Allah Ka jiƙan Kaka, Ka gafarta masa, Ka haskaka kabarinsa. Yadda ya tsallakar da bayinka lafiya tsawon rayuwarsa, Ka tsallakar da shi siraɗi cikin sauƙi, Ka sa Aljanna Firdausi ce masaukinsa. Ka ba Umma da Kawu haƙurin rashinsa.

Don Allah duk wanda ya karanta, ko bai san shi ba, ya sa shi a addu'a.