Ruwan Zartsi a Injin Yayana

Lokacin da abin nan ya faru ni saurayi ne mai saurin yarda da mutane, ina aiki a wani ofishin fiton kaya kusa da tashar jiragen ruwa ta Lome, ina zaune da mahaifiyata a Zongo. Ba zan kama sunan kowa ba, Edita. Wanda ya yi mini abin yana karanta wannan mujalla, kuma zai gane kansa kafin ya kai tsakiya. Hakan ma nake so.

Yayana ne ya fara shiga harkar tseren ƙananan motocin nan masu batir da ake tuƙawa da rimot. Duk Lahadi da yamma sukan haɗu a wani fili a unguwar Adidogome. Motarsa tsohuwa ce, amma shi da hannunsa ya sake naɗa wayar injin, har ta samu wani kuka siriri da babu mai irinsa. Yana da dokoki kamar liman: ba a ajiye batir a cike, ba a shanye shi ƙarƙaf, ba a barin sa a rana, ba a sake tayar da inji sai ya huce, kuma ba ya cin abinci sai ya kakkaɓe yashin da ya shiga ƙafafun motar. Da Allah ya karɓi ransa bayan gajeriyar jinya, motar ta dawo hannuna. Nakan kunna ta a tsakar gida ko ba ranar tsere ba, saboda Mama. Da ta ji kukan nan sai ta dakata da abin da take yi, ta ce kamar yana ɗaki. Kayansa duk an rabar, wannan sautin kaɗai ya rage mata.

Yaya yana da wani aboki da ke zaune a unguwar Be, wanda ya ci tuwon gidanmu har Mama ta san yawan yajin da yake so. Motocinsa sababbi ne, amma a filin nan mai yawan kwana bai taɓa wuce Yaya ba, da na gaji motar ni ma bai wuce ni ba. 'Yan fili suka sa shi gaba da tsiya, wai mamaci ma yana cin sa tsere. Yana dariya tare da su, ni kuwa na ɗauka dariyar ta kai ciki.

Da gawayin injin ya cinye, wanda muke kira sharbon, na sa sabo. Abin da ake yi shi ne a tsoma injin cikin ruwa mai tsabta, a bar shi yana juyawa a hankali har sabon gawayin ya zauna daidai, sannan a busar a ɗiga mai. Na sha ganin Yaya yana yi, amma ban taɓa yi da kaina ba, sai na nemi shawarar abokin nasa. Ya ce kada in kuskura in sa ruwan famfo, zai kawo mini tataccen ruwan batir irin na masu gyaran mota. Ya kawo a gora mai shuɗin murfi, ya ce ya ɗan ɗiba ne shi ya sa take a buɗe. Har godiya na yi masa, na raka shi bakin titi, na tsayar masa da zemijan, wato ɗan acaɓa. Na yi aikin, na busar, na ɗiga mai, washegari ofis ya tura ni arewa bin wasu manyan motoci.

Da na dawo na ɗaura batir na danna rimot, shiru. Na buɗe injin na tarar tsatsa ta haɗe komai, wayar da Yaya ya naɗa ta yi kore ta rube. Na zauna a ƙasa na yi kuka irin wanda ban yi ba ranar jana'iza. Kaina na zarga, ban gaya wa kowa ba. Sai ranar Lahadi na je fili hannu biyu, na tarar tuni labari ya zaga cewa tsohon inji ya gaji. Na tambaya wa ya faɗa, aka nuna mini abokin nan na Yaya.

Duk da haka ban gane ba sai ranar da aka ɗauke ruwan famfo. Mama ta ɗauki ragowar gorar nan za ta yi alwalar la'asar. Tana kurkure baki ta tofar, ta tambaye ni wa ya kawo mata ruwan zartsi gida. Ta yi ƙuruciyarta a Be, ta san ɗanɗanon rijiyoyin da ke kusa da tafkin unguwar, masu gishiri-gishirin nan da ko sabulu ba ya kumfa a ciki. Akwai irin wannan rijiya a tsakar gidan abokin Yaya. Na gaya mata komai. Ta rufe gorar ta miƙo mini.

Na so in je in fasa motocinsa ɗaya bayan ɗaya. Amma zai sayi wasu, kuma ni za a kira mahaukaci. Sai na yi shiru, na ci gaba da gaishe shi da fara'a har azumi ya zo ya wuce. Abokan Yaya sun saba zuwa gaba ɗayansu yi wa Mama barka da Sallah, kuma a gidanmu ba a fara gaisuwa sai baƙo ya sha ruwa. Na zuba wa kowa mai sanyi a kofi. Da na zo kan mutumin, sai na ɗauko gora mai shuɗin murfi, na buɗe a gabansa a hankali, na cika masa kofi har baki. Na ga lokacin da ya gane ta. Ya kurɓa, fuskarsa ta yamutse, ya nemi ajiyewa.

Mama ta ce, "Shanye, ɗana. Ruwan da ka kawo mana ne."

Ya shanye, idon kowa a kansa. Ni na ba su labarin ruwan daga farko har ƙarshe, ban ɗaga murya ba. Bai musa ba. Ya tashi ya sa takalmi ya fita, kuma tun ranar bai sake taka filin Adidogome ba. Ba zan yi ƙarya ba, na ji daɗi har cikin raina, kuma har yau in na tuna yadda maƙogwaronsa ke motsi ina jin daɗi. An yi ta ba ni baki in yafe. Ban kai wurin ba tukuna.

Abin da zan gaya wa masu wannan wasa shi ne, duk ruwan da za ka tsoma injinka a ciki, ka taɓa shi da harshe tukuna, ko wa ya kawo maka. Gishiri ba ya fita da busarwa, iskar teku kuma tana ƙarasa masa aiki. Kuma ku rage yi wa mutum tsiya a bainar jama'a don kun ga yana dariya. Na sayi sabon inji, ya ma fi na da gudu. Ranar da na fara kunna shi a tsakar gida, Mama ta saurara kaɗan, sannan ta ce in fita da shi waje, yana damun ta.