Abokin Aikin Likitoci

A barandar sashen binciken hawan jini na asibitin koyarwa, sabuwar nas ta kasa ɗauke ido daga kan wani dattijo. Yana zaune ƙyam kamar za a ɗauke shi hoto, rigarsa ta sha guga, biro uku a aljihu. Tana jin tsohon malamin makaranta ne, irin wanda ya bar aji amma bakinsa bai yi ritaya ba.

Yana cikin waɗanda ake gwada sabon magani a kansu, amma a ganinsa shi abokin aikin likitoci ne. Ga shi yana buɗe mata littafinsa, inda ya rubuta kowane jiri da kowace atishawa, har da ƙarfe nawa.

"Baba," in ji ta, "ka san wataƙila ƙwayar da kake sha ba magani a cikinta?"

"Sun faɗa min, 'yata." Ya rufe littafin a hankali. "Ciwon nan ne ya ɗauke uwar 'ya'yana, yanzu ya kama babbarsu. Ko tsakuwa ce a ba ni in haɗiye. Ku dai ku yi sauri."