Bijimin Hidaya

Ƙanena Sha'aibu tun yana ƙarami ba ya iya ganin abu mai kyau ya yi shiru, sai ya nuna wa duniya. Na sha gaya masa wannan rawar kan za ta ja masa, ya ce ni Yaya faɗa ya yi mini yawa. Yana koyar da kwamfuta a wata sakandare a nan Gumel, yadda ake buga rubutu da tsara hoto. Kwamfutocin ma rabinsu sun mutu, amma in ka ji shi yana bayani sai ka rantse jirgin sama yake koya musu tuƙawa.

Bara ya ba ɗalibansa aiki, kowa ya tsara sanarwar cigiya ta ƙarya, don su koyi yanko hoto da jera kalmomi. Wata yarinya, Hidaya, 'yar wani makiyayi Malam Shehu daga wajen Gagarawa, ta ɗauko hoton bijimin babanta, fari mai karyayyen ƙaho. Ta rubuta da jan rubutu cewa an sace shi, ta sa lambar wayar malaminta a ƙasa. Aikin ya yi kyau, ba ƙarya. Shi kuma gogan naka daɗi ya kwashe shi, ya tura wa abokansa a waya su ga ɗalibarsa. Ko kalma ɗaya bai ƙara ba da za ta nuna gwaji ne. Daga waya zuwa waya, hoto ya kai Maigatari.

Ranar Alhamis Malam Shehu ya kai bijiminsa kasuwar Maigatari don ya sayar. Lokacin kuwa satar shanu ta ishi mutane, kowa a wuya yake. Wani dillali ya dubi ƙahon, ya dubi wayarsa, ya kira Sha'aibu yana murna wai sun kama ɓarawon. Sha'aibu ya yi ta ihu a waya cewa aikin makaranta ne, amma hayaniya ta hana a ji shi. Ya bar aji ya hau babur.

Ya tarar an zagaye dattijon da sanduna da duwatsu, an fasa masa kai, jini ya rine rawaninsa, wani yana taka masa ƙirji. Sha'aibu ya kutsa ya kwanta a kansa.

"Nasa ne! Ni na tura hoton, ni za ku daka!"

Suka ce ga abokin satar ya zo. Suka karya masa hannun dama wuri biyu, suka zubar masa da haƙora, kafin 'yan sanda su iso. Malam Shehu bai kai asibiti ba ya cika. Har yau in na tuna mutanen nan zuciyata tafasa take yi, wallahi ban yafe musu ba.

Hidaya ba ta sake taka makarantar ba. Sha'aibu ya koma aiki, da hagu yake riƙe linzamin kwamfuta, kuma ba ya nuna wa kowa komai.

Shi kuwa bijimin, tun ranar ya tsinke igiya a rikicin ya shiga daji. Bayan sadakar bakwai ina jinyar Sha'aibu a ɗaki sai wayarsa ta yi ƙara, na kara masa a kunne. Wani manomi ne daga Sule Tankarkar, cikin fara'a, ya ce ya ga cigiya, bijimin yana ɗaure a gidansa, a gaya wa mai shi ya zo ya ɗauka.