Famfon da na ɗaura wa motar Agali

Har yau ban manta da ranar Lahadin da Agali ya tsayar da motarsa a ƙofar shagona nan Tahoua ba, ya sauko rai a ɓace, ko gaisuwa bai ƙarasa ba. Ku da kuka fara aiki da ni daga baya ba ku san shi ba. Direba ne mai ƙaramar bas, yana jigilar mutane tsakanin Takanamat da birni, kuma da motar nan kaɗai yake ciyar da gidansa.

Wata biyu kafin nan ya kawo mini kukan wahalar juye, wato zubar da tsohon man inji a zuba sabo. A gida yake yi, ba ramin gareji. Sai ya kwanta cikin yashi ya kwance notin ƙasan inji da sifana, mai zafi ya bi hannunsa har gwiwa, ga zaren notin ya fara cinyewa. Na ba shi wani ɗan famfo na tagulla da ake sawa a madadin notin. Ka murɗa hannunsa kawai, mai ya sauka cikin jarka. Ni na ɗaura masa, na kuma ja masa kunne kada ya tayar da mota da safe sai ya zaro sandar auna mai ya duba.

To, ranar ya ce famfona yoyo yake yi. Sau biyu cikin mako guda ya tarar mai ya sauka ƙasa da alamar da ke jikin sandar, ya ƙara ya cika. Da bai duba ba, da injin ya ƙone a daji da fasinjoji. Ya ce in cire masa abina.

Na shiga ƙarƙashin motar. Ko ɗigo babu. Amma duk ƙarƙashinta jar ƙasa ce, hannun famfon kaɗai ke ƙyalli. Na fito na ce, "Agali, ba yoyo ba ne. Buɗe shi ake yi."

Ya yi dariyar takaici, ya ce a ƙofar gidansa motar ke kwana, kuma unguwarsu ba ɓarawo. Na tambaye shi inda yake kai tsohon mai in ya yi juye. Ya ce a bakin zaure yake ajiye jarkar, mai bukata ya ɗiba ba sai ya tambaya ba, musamman maƙwabcinsa Baba Attahir, da ke shafa wa raƙumansa masu ƙazuwa. Washegari na bi shi Takanamat.

Mun sami Baba Attahir a kan tabarma yana dafa shayi. Bayan gaisuwa na kawo maganar a hankali. Bai ɓoye komai ba.

"Ai da na ga ya sa pampo, albarka na sa mishi," in ji shi. "Na ce yaron ga ya hutasshe mu jira. Gwangwani biyu ɗai nika ɗiba."

A tunaninsa baƙin mai datti ne da ke taruwa a ƙasan inji, ɗibarsa ma taimako ne. Agali ya sunkuyar da kai, don tsohon sa'an mahaifinsa ne. Sai na ce, "Baba, in aka riƙa tsiyaye wa raƙuminka jini gwangwani biyu kowace safiya, zai kai rijiya?"

Ya ajiye butar shayin. Daga nan ya tambayi Agali ko motar ta ji ciwo. Agali ya ce lafiyarta lau, kada Baba ya sa komai a ransa.

Kafin in baro garin na huda hannun famfon na sa ɗan kwaɗo. Baba kuma na haɗa shi da likitan dabbobi, wanda maganinsa ya fi baƙin mai nesa. Ba abin da ya sami injin Agali, shi da kansa ya kawo mini direbobin tasharsu aka ɗaura musu, kowa da kwaɗonsa.

Tun daga lokacin, in zan sayar da abin da ke sauƙaƙa aiki, nakan tambayi inda motar ke kwana da su wa ke zama kusa da ita. Ku ma ku riƙa tambaya. A garuruwanmu mota ta mai ita ce a takarda, amma unguwa duka ke zaune da ita.